Garin da Kowane Yaro ke Yawo da Sanda

Abin da idona ya fara cin karo da shi da na sauka daga jirgin ƙasa a Thurles shi ne yara uku, kowanne riƙe da sanda. Ba irin ta makiyaya ba ce. Gajera ce, iyakarta ƙugu, bakinta mai faɗi kamar filafilin kwalekwale. A inda na fito, in ka ga matasa uku da sanduna a bakin tasha, abu na farko shi ne ka matse jakarka. Na kalli ƙanina da ya zo tarata, sai ya fashe da dariya.

"Yaya, saki jikinka. Nan garin har 'yan mata da ita suke yawo. Ɗanka ma yana da guda biyu."

A farkon watan Yulin 2025 ne. Matarsa ta haihu, Hajiya kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, shi ne aka wakilta ni na je na ga jaririya. Likita ne, shekararsa tara a ƙasar Ailan. Daga Abuja muka bi ta Istanbul zuwa Dublin, daga tashar Heuston kuma jirgin da ke zuwa Cork ya ajiye ni a Thurles cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Hanya duk kore shar, shanu a kwance sun ƙoshi har sun gaji da ci. Ana ce mini wai lokacin zafi ne, ni kuwa rigar sanyi ban cire ta ba sai ranar da na dawo Abuja. Ga rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura, ka yi isha'i ka ɗan kishingiɗa, kafin ka juya asuba ta yi.

Sandar nan ta wani wasa ce da suke kira hurling, wanda kunnena na Bahaushe ya ji shi harlin, haka kuma na ci gaba da kiransa. Mutum 15 ne a kowane ɓangare. Ƙwallon ƙarama ce ta fata, ba ta wuce lemon zaƙi ba, amma tauri kamar goruba. Turakun raga dogaye ne sun zarce sama. In ka cilla ƙwallo ta saman sandar raga tsakanin turakun, maki ɗaya ke nan. In ta shiga raga, maki uku. Ana ɗaukarta a kan bakin sanda a ruga da gudu ba ta faɗi ba, ana cafe ta da hannu tsirara tana tahowa daga sama alhali sanduna uku na kai mata duka. Sai a 2010 aka tilasta wa manya sa hular kwano. Kafin nan, in ji su, ana gane tsohon ɗan wasa da giɓinsa.

Wanda ya buɗe mini kan abin shi ne maƙwabcin ƙanina, wani dattijo da ya haura saba'in, tsohon mai kiwon shanun madara da ya miƙa wa ɗansa gona ya dawo gefen gari. Washegarin zuwana ya leƙo ta kan shinge ya ce a turo masa baƙon ya sha shayi. Ni malamin Turanci ne a sakandare shekara ashirin, amma wallahi rabin maganarsa ta farko wuce ni ta yi. Sauri yake kamar ana korarsa, sai da kunnena ya yi kwana uku kafin ya saba. Da ya ji daga Kano nake sai fuskarsa ta washe, ya ce gwaggonsa ta yi aikin mishan a Najeriya shekaru da yawa. Wannan ba abin mamaki ba ne a can, gidaje da dama suna da wani nasu da ya taɓa koyarwa ko aikin asibiti a ƙasarmu. Makarantar St. Louis ta Kano ma matan mishan 'yan Ailan ne suka kafa ta a 1948.

Bai daɗe ba ya jefo tambayar da ta dame shi.

"Wace ƙungiya kake bi?"

Na gyara zama na ce Arsenal, tun zamanin Kanu.

"A Landan aka haife ka?"

Na ce a'a.

"Mahaifinka fa, mutumin can ne?"

Na ce ko kusa.

Ya ɗan yi shiru yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, "To me suka taɓa yi maka?"

Na rasa amsa. Na tuna daren da muka kusa ba hammata iska da wani abokina a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu saboda wani ɗan wasa da bai san da zamanmu a duniya ba. Matar dattijon ce ta cece ni. Ta ce kada na kula shi, ɗansu na biyu ma Liverpool yake bi, har jirgi yake hawa ya tsallaka teku don ya kalle su. Dattijo ya ce wannan shaƙatawa ce kawai, kamar kallon fim. Ƙungiya ta gaskiya ba zaɓenta ake yi ba, a cikinta ake haifar mutum.

Haka tsarin yake kuwa. Kowane yanki na coci yana da kulob ɗinsa, yaro yana buga wa inda ya tashi, in ya yi fice a ɗauke shi ya wakilci gundumarsa. Gundumomi 32 ne a tsibirin, har da shida na Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, amma a wannan wasa babu ruwansu da iyaka, kofi ɗaya kowa ke nema. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi, ba a biyansa albashi. Wanda mutum dubu 82 suka yi wa tafi ranar Lahadi, cikin mako za ka same shi a aji yana koyarwa, ko a banki, ko a kan tarakta. David Clifford na Kerry, wanda suke ɗauka babu kamarsa a yau a ƙwallon gelik, ɗaya wasan nasu na gargajiya, malamin makaranta ne. Da na ji haka na ce ashe dai akwai ƙasar da malami ke shiga gari ana nuna shi da yatsa don alheri.

Uwar ƙungiyar da ke riƙe da wasannin, GAA, a nan Thurles aka kafa ta, ranar 1 ga Nuwamba 1884, a otal ɗin Hayes da ke dandalin tsakiyar gari. Har yanzu otal ɗin na nan, na wuce ta gabansa ya fi sau goma. Wani malami mutumin Clare, Michael Cusack, shi ne ya kira taron, saboda ganin wasannin Ingilishi na neman shafe na gida a lokacin da ƙasar ke hannun Turawan Ingila. Zafin abin ya kai ga sun kafa doka cewa ɗan ƙungiya ba zai buga ƙwallon ƙafa ko zari-ruga ba, ko kallo ma ba zai je ba. Sai a 1971 aka soke ta. Dattijo ya ce yana saurayi ya san waɗanda aka dakatar don kawai an hango su a filin ƙwallon ƙafa. Na tambaye shi ko dokar ta yi daidai. Ya ce wauta ce, amma ba don ita ba da wataƙila yanzu babu abin da zai nuna mini.

Jin haka ya sa na tuna kokawar Nijar, inda jihohi takwas ke fitar da gwanayensu a yi ta gwabzawa a kan takobi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak. Su ma sun riƙe nasu. Mu kuwa langa sai dai a ba yara labari.

Da yamma nakan raka ɗan ƙanina filin kulob. Shekararsa takwas, a can aka haife shi, Hausarsa tana ɗingishi amma Turancinsa irin na dattijon ne sak. A bakin filin nan na fi jin ainihin hirar mutanen garin. Mai horar da yaran ma'aikacin lantarki ne, kyauta yake yi. Wanda ke aske ciyawa da zana layi kyauta yake yi. Matan da ke dafa shayi da yanka burodi haka. Iyaye na jingine da shinge, ido a kan yara, baki kuma yana kan ruwan sama: ya yi yawa, ko ya yi kaɗan, ko zai hana yankan ciyawar shanu. Ban taɓa ganin mutanen da ruwa ke yi musu sallama kusan kullum ba amma kullum suna mamakinsa. Daga ruwa sai farashin shanu, daga nan sai wanda ya rasu. Gidan rediyon yankin na karanta sanarwar rasuwa kowace rana, kuma zuwa jana'iza wajibi ne a wurinsu kamar yadda muke ɗaukar ta'aziyya. In tsohon ɗan kulob ne ya mutu, sai a shimfiɗa rigar kulob a kan akwatin gawa, 'yan wasa su jeru a gefen hanya.

Ƙorafi kuwa ba a magana. Wani ya ce itacen da ake sassaƙa sandar da shi, wanda suke kira ash, wata cuta da ta ɓulla a ƙasar a 2012 tana ta kashe shi, har an fara yin sanda da gora, shi kuwa ƙarar dukan gora ba ta yi masa daɗi a kunne. Wani ya ce tikitin wasan ƙarshe ya kai Yuro 100 a wurin zama, 'yan wasa ba a biyansu, to ina kuɗin ke tafiya? Nan take na kusa da shi ya nuna masa fitilun filin da sabon ɗakin canza kaya ya ce ga inda suke tafiya. Wata mata ta ce ɗan 'yar'uwarta na cikin tawagar matasan gunduma, dare huɗu ko biyar a mako yana atisaye ko ɗaga ƙarfe, ba biki ba yawo, aikin ƙwararru ake sa su babu ladan ƙwararru. Tsofaffi kuma haushinsu biyu ne: an mayar da wasu manyan wasanni sai ka biya ta intanet kafin ka kalla, sannan tun 2022 an dawo da wasan ƙarshe watan Yuli maimakon Satumba da suka gada.

Amma ƙorafin da ya fi nauyi ba na wasa ba ne. 'Yar dattijon ma'aikaciyar jinya ce a Ostireliya. Ya ce ita da mijinta sun yi lissafin kuɗin haya da na sayen gida, suka ga ba za su iya ba, suka tattara. Rabin 'yan ajinta suna can ko Kanada. A ƙauyukan yamma, in ji shi, akwai kulob ɗin da ba sa iya haɗa mutum 15, sai yankuna biyu da kakanninsu suka shekara ɗari suna fasa wa juna kai su haɗe su sa riga ɗaya. Ya faɗi wannan kamar mai ba da labarin mutuwa. Na lura da wani abu da ban furta ba: gurbin da 'ya'yansu suka bari a asibitoci, irin su ƙanina ne ke cike shi, shi ma ya bar nasa gurbin a gida.

Ba kowa ne ke murna da hakan ba. Ƙanina ya ba ni labarin tarzomar Dublin ta Nuwamban 2023, da zanga-zangar da aka yi a Roscrea, nan cikin gundumarsu ta Tipperary, a farkon 2024 kan saukar da masu neman mafaka a wani otal. Ya ce akwai ranar da wani daga cikin 'yan kallon wata ƙungiya ya jefa wa yaron baƙar magana a kan fatarsa. Kafin shi ya buɗe baki, iyayen kulob ɗinsu sun riga sun yi wa mutumin ca. Ya ce, "Yaya, ban ce maka duk suna son mu ba. Amma yaron nan nasu ne, kuma ba sa wasa da nasu."

Ran wata Talata muka je Dublin don na ga Croke Park. Fili ne mai cin mutum 82,300, na wasan da ba a biyan kowa. Ɓangare ɗaya na wurin zama sunansa Hogan. Ranar 21 ga Nuwamba 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, da safe mutanen Michael Collins, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, suka kashe jami'an leƙen asirin Birtaniya a cikin birnin. Da rana dakarun Birtaniya suka shigo filin ana wasa tsakanin Dublin da Tipperary suka buɗe wuta. Mutum 14 suka mutu, har da ƙananan yara, har da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan. Shi ya sa da aka bar tawagar zari-ruga ta Ingila ta buga a nan a 2007, aka kuma rera taken ƙasarsu, abin ya zama babban al'amari. Dattijo ya ce ranar ya yi niyyar kashe talabijin, bai kashe ba, kuma da Ailan ta ci 43 da 13 sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ƙanina ya nuna mini tsakiyar ciyawar ya ce a nan aka yi sallar Idin layya a 2020, lokacin korona, mutum wajen 200 da dardumansu a warwatse. Na tsaya ina kallon wurin na ɗan lokaci.

A jirgin dawowa muka zauna da wani mutumin gundumar Mayo. Su can ƙwallon gelik ce tasu, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa a irin wannan fili da irin wannan lissafin maki. Ya yi ta yabon sababbin dokokin shekarar, musamman maki biyu ga wanda ya ci daga bayan layin mita 40, ya ce da wasan ya koma jefa wa juna ƙwallo a baya har barci ke ɗaukar mutum. Na tambaye shi yaushe rabonsu da kofi. Ƙanina ya taka mini ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tun 1951. Daga 1989 zuwa 2021 sun je wasan ƙarshe sau 11, duk sun dawo hannu rabbana. Ana cewa wai tawagar 1951 ta wuce wata jana'iza a garin Foxford ba ta tsaya ba, limamin coci ya yi musu baki. Mutumin ya ce shi bai yarda da camfi ba ko kaɗan. Can kuma ya ƙara da cewa, amma dai da sun tsaya ɗin, me zai ragu a jikinsu?

Da na kai wa dattijo labarin, ya taɓe baki ya ce ƙwallon gelik kowane ƙato mai huhu zai iya, harlin kuwa in ba ka fara tun kana ɗan shekara biyar ba ka makara. Maƙwabtansu na Kilkenny, masu kofi 36, ba ya ƙaunarsu ko kaɗan, amma a kan wannan ra'ayi bakinsu ɗaya.

Duk wannan sharar fage ce. Maganar da ta cika garin ita ce Lahadi 20 ga Yuli: Tipperary da Cork a wasan ƙarshe. Gidaje, motoci, turakun lantarki, har dilolin ciyawa a gona, duk an yi musu ado da shuɗi da ruwan ɗorawa. Na tuna karin maganar nan ta zuwa gari ka ga kowa da jela, na karɓi hular da yaron ya ba ni na kafa. Gida ɗaya ne a layin ke da jan ƙyalle a tagar kicin, gidan dattijo. Matarsa 'yar Cork ce. Shekara arba'in da wani abu da aure, ta haifa wa Tipperary 'ya'ya huɗu, amma ta ce ko gawarta ba za ta sa shuɗi ba.

Tikiti ta hannun kulob ake raba shi, samunsa sai mai dogon hannu, don haka a falonsu muka kalla. Kowa ya ba Cork. Sun lallasa Tipperary sau biyu a shekarar, rabonsu da kofi kuma tun 2005, yunwa ta ishe su. Tipperary kuwa a 2024 ko wasa ɗaya ba su ci ba a gasar lardin Munster, matar ta tona mini cewa a lokacin mijinta har cewa ya yi a sallami kocin, Liam Cahill. Aka tafi hutun rabin lokaci Cork na da 19, Tipperary 13. Ta tashi tana murmushi ta kawo shayi da kek, ta ajiye wa mijinta nasa da wata irin ladabi mai ciwo. Shi ko kallon kofin bai yi ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Abin da ya faru bayan an dawo, ni da ban san wasan ba ma na gane ba na kullum ba ne. Tipperary suka yi ta zuba maki kamar an ɓalle famfo. John McGrath ya zura biyu a raga, wani yaro ɗan shekara 19, Darragh McCarthy, ya ci bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka kuma kori ɗan bayan Cork ɗaya. Cikin minti 35 Cork maki biyu kacal suka samu. Aka tashi Tipperary na da ƙwallo 3 a raga da maki 27, Cork ƙwallo 1 da maki 18, wato 36 da 21, kofi na 29 ga Tipperary. Dattijon da ke tafiya da ƙyar ya miƙe tsaye yana ihu, ya rungume ni har hulata ta faɗi. Da kyaftin Ronan Maher, ɗan garin Thurles, ya ɗaga kofin Liam MacCarthy ya ambaci Dillon Quirke, abokin wasansu da ya faɗi a fili ya rasu a 2022 yana da shekara 24, sai falon ya yi tsit, dattijo ya juya fuska wajen taga.

Matar ba ta ce uffan ba. Can ta ce ita ba kanta take ji ba, Patrick Horgan na Cork take ji, mutumin da a lokacin ya fi kowa yawan maki a tarihin gasar, ya kai shekara 37 bai taɓa riƙe kofin nan ba. Mijinta, da murnarsa da komai, ya gyaɗa kai ya ce wannan gaskiya ne, yaron ya cancanta. Jan ƙyallen dai bai bar tagar ba har na baro garin.

Washegari da yamma aka kawo kofin filin wasa na Semple da ke nan Thurles, muka je da yaron a wuyan babansa. Mako na zagayowa Kerry suka doke Donegal suka ɗauki kofin Sam Maguire na ƙwallon gelik karo na 39, amma a layinmu ba wanda ya ɗaga murya a kai.

Ana jibi zan taho, muna shan shayin sallama a gidan dattijo, ƙanina ya saki maganar da ya daɗe yana ɓoyewa: an yi masa tayin aiki mai gwaɓi a wani babban asibiti, yana tunanin karɓa bayan sabuwar shekara. Dattijo ya taya shi murna, ya tambayi ina ne.

"Cork," in ji ƙanina, a hankali.

Matar ta ajiye butar shayi ta tafa hannu. Dattijo ya leƙa ta taga, inda yaron ke ta dukan ƙwallo a jikin bangon gareji, dama da hagu, dama da hagu, yadda ya koya masa tun yana ɗan shekara huɗu. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare ni, ba ga ƙanina ba, tunda an gaya masa ni ne babba a gidanmu.

"Kai ne wansa, ka yi masa magana. Shi ya je duk inda zai je, jirgi na zuwa Cork kullum. Amma yaro a bar mana shi."